Me ya sa ƙwayar halitta ke cin retikulum ɗinta a lokacin da ta fi buƙatarsa?

Safiya_Aji3:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina aji uku a sashen bayokemistiri, kuma an ba ni maudu'in da zan gabatar gaban aji mako mai zuwa: yadda ƙwayar halitta ke cinye wani sashe na endofilazmik retikulum ɗinta, wato saƙar siraran tantani da ke cikinta, idan ta shiga matsi. Na karanta, na haddace sunaye, amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. An koya mana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin da ƙwaya ke yi ta retikulum yake bi. A can ake naɗe shi, a can ake ƙera yawancin kitsen tantani, a can ake ajiye kalsiyam. To idan furotin da bai naɗu daidai ba ya taru har wurin ya cushe, ai ƙarin fili ake buƙata. Ta yaya kuma ƙwayar za ta kama yankar wurin tana kai wa laisosom, jakar narkarwa ta cikin ƙwaya, ya narkar? Wanda rumbunsa ya cika ai ba ya rushe rumbu. Don Allah a fahimtar da ni, ba na so in tsaya gaban mutane ina karanta abin da ban gane ba.

Malam_Garba_Bayoloji:
Wa'alaikumus salam, Safiya. Amsarki tana cikin jerin lokaci, domin ba da yanka ake farawa ba. A jikin tantanin retikulum akwai masu gadi uku: IRE1 da PERK da ATF6. Da zarar furotin mai karkataccen naɗi ya fara taruwa, su ne ke kaɗa ƙararrawa. PERK ya rage shigowar sabon aiki. Sauran biyun su aika saƙo cibiyar ƙwaya a ƙaro masu taya naɗi irin su BiP, a kuma ƙara faɗin retikulum ɗin kansa. Wato abin da kika ce ya kamata a yi, shi ake fara yi.

Ki duba shagon tela idan Sallah ta matso. Yana ƙaro kekuna, ya ɗauko yara masu sa maɓalli da guga, har ya kafa rumfa a ƙofar shago. Bayan Sallah da mako biyu, idan ya bar rumfar da kekunan haya, asara zai tafka. Dole ya kwance. A 2016 rukunin Maurizio Molinari a Bellinzona ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa wani furotin mai suna SEC62 ne ke jagorantar wannan kwancewar bayan matsin ya wuce, har retikulum ya koma girmansa na da.

Auwal_Lab:
Malam Garba, da girmamawa, misalin tela ya ɗauki ɓangare ɗaya ne kawai. Ba sai bayan Sallah ake yankan ba. A 2006 Sebastián Bernales da Peter Walter da abokin aikinsu sun takura ƙwayoyin yis na burodi, suka ga retikulum ya kumbura har ninki biyar, kuma tun matsin bai wuce ba ƙwayar ta fara tattara sassansa tana killacewa. Daga wannan aikin ne sunan ER-phagy, wato cin retikulum, ya bazu. Sannan ga yunwa. Ƙwayar da ta rasa amino asid, tubalan gina furotin, tana cin retikulum ɗinta ko da babu furotin ɗaya da ya lalace, saboda taska ce: a ƙwayoyin dabbobi da yawa fiye da rabin duk tantanin da ke cikinsu na retikulum ne. Don haka ni lokuta uku nake lissafawa. Lokacin da datti ya dunƙule a ciki, lokacin yunwa, da lokacin komawa daidai.

Malam_Garba_Bayoloji:
Na karɓi gyara, Auwal. Na fara da na ukun ne saboda shi ya fi saurin shiga kan ɗalibi.

Safiya_Aji3:
Na gode muku. Amma Yaya Auwal, na farkon da ka ambata shi ne ainihin inda na maƙale. Ai akwai ERAD, mai zaro furotin da ya lalace ya kai shi furotiyasom, injin daddatsa furotin. Me ya sa ba za a bar masa aikin ba?

Auwal_Lab:
Saboda ƙofar ƙarama ce, ƙanwata. ERAD ɗaya-ɗaya yake zarowa. Sai an warware furotin ya zama kamar zare, a jawo shi ta wata 'yar kafa a jikin tantani, a liƙa masa alamar da ake kira yubikwitin, sannan furotiyasom ya daddatsa shi. To me za a yi da wanda ya riga ya dunƙule da 'yan'uwansa ya zama curi? Ba ya bi ta kafar. Misali sananne shi ne alfa-1 antitirifsin nau'in Z. Hanta ce ke yin sa, ya kamata ya fita cikin jini ya je ya kare huhu, amma wannan nau'in sarƙewa yake yi da juna a cikin retikulum. Hanta ta cutu da tarinsa, huhu ya cutu da rashinsa. Haka furokolajin, wanda daga gare shi ake samun kolajin na fata da ƙashi, idan ya naɗu a karkace, ƙato ne. Irin waɗannan sai dai a ware lungun da suke, a yanke lungun baki ɗaya, a kai laisosom. Idan muka koma shagon Malam Garba, ERAD shi ne yaron da ke farke ɗinki da reza, wancan kuwa ɗaure ƙunshin ake yi a fitar da shi gaba ɗaya.

Bello_Jos:
Ni ba fannina ba ne, lissafi na karanta, amma ina biye da ku. Wato laisosom shi ne bolar ƙwaya ke nan?

Hajiya_Famasi:
Bello, ba bola ba ce, don abin da aka kai bola ya tafi ke nan. Ka taɓa tsayawa wurin masu ƙera tukwanen dalma? Yara 'yan jari-bola su kawo gwangwanayen lemo da tsofaffin tukwane, a zuba a wuta su narke, a kwarara a cikin ƙasar da aka yi wa siffa, a fito da sabuwar tukunya. Laisosom haka yake. Cikinsa tsami ne, ma'auninsa na pH tsakanin 4.5 da 5, cike da sinadaran narkarwa. Abin da ya shiga yana fitowa a matsayin amino asid da kitse da sukari, ƙwaya ta sake gini da su.

Kuma tunda na shigo, Safiya, ga misalin da na fi so, don a kan kantata yake kullum: finobabiton, maganin farfaɗiya. Tsohon magani ne mai araha, har yanzu mutane da yawa a kansa suke. Idan ana shan sa, sumul ɗin retikulum na ƙwayoyin hanta yana faɗaɗa cikin 'yan kwanaki, ya cika da sinadaran saitokurom P450 masu karya magunguna. Shi ya sa muke tambayar mai shan sa ko tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko yana shan wafarin mai hana jini daskarewa, domin hantar za ta riƙa karya su da sauri, ƙarfinsu ya ragu. A 1973 Bolender da Weibel suka bi hantar ɓeraye da na'urar hange ta lantarki bayan an daina ba su maganin. Cikin kusan kwana biyar rarar retikulum ɗin ta ɓace, kuma sun gan ta a cikin buhunan otofaji, wato buhunan da ƙwaya ke tattara sassanta a ciki ta kai wa laisosom. Shekara arba'in da biyu kafin a san furotin ɗin da ke yin zaɓen, an riga an ga aikinsa da ido.

Ina roƙon duk mai karatu: kada wanda ke shan wannan magani ya daina da kansa. Yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da farfaɗiya mai tsanani.

Ibro_Maradi:
Sannunku da ƙoƙari. Mu nan da Faransanci muka karanta, kuma RE muke taƙaita shi, ku kuna cewa ER. Abin da zan ƙara shi ne wanda ya raɗa wa abin suna otofaji a 1963, Christian de Duve ne, mutumin Beljiyam. Shi ne kuma ya gano laisosom a 1955, ya samu kyautar Nobel a 1974 tare da Albert Claude da George Palade. Daga Girkanci ya ɗauko kalmar, ma'anarta cin kai.

Baba_Tanko:
'Ya'yana, ku ba tsoho wuri ya ce wani abu kan harshe. Na koyar da Hausa shekaru masu yawa. Na ji daɗi da Safiya ta ce ƙwayar halitta, ta bar tantani ga fatar da ke lulluɓe. Ina yawan ganin ana rubuta tantanin halitta da nufin ƙwayar gaba ɗayanta, alhali tantani a Hausa siririyar fata ce, irin wadda ake gani jikin nama ko bakin kalangu. A wannan maudu'in kuwa kusan komai maganar tantani ce, don haka idan aka haɗa su mai sauraro zai rikice. Retikulum ɗin nan kuma, yadda kuka siffanta shi, ni raga zan kira shi.

Malam_Garba_Bayoloji:
Baba, ka dace. Asalin kalmar a Latin ƙaramar raga take nufi. Keith Porter da abokan aikinsa da suka fara ganinta a 1945 da na'urar hange ta lantarki, kamar saƙar leshi ta bayyana musu. Sai dai ragar iri biyu ce a haɗe: akwai shimfiɗaɗɗun falle-falle masu ɗauke da raibosom masu ƙera furotin, akwai sirara kamar bututu.

MusaKano_88:
Allahu Akbar. Wannan duk hikimar azumi ce. Ai wani likita ɗan Japan ya ci kyautar Nobel saboda ya tabbatar azumi na sa jiki ya cinye ƙwayoyinsa da kansa. Na ga saƙon a WhatsApp sau da yawa, har da cewa yana maganin ciwon daji.

Dr_Zainab:
Malam Musa, bari in tsaya kan wannan, don saƙon yana zagayowa duk Ramadan kuma yana isowa har ɗakin duba marasa lafiya. Mutumin Yoshinori Ohsumi ne, kuma da gaske ya ci Nobel a 2016. Amma da yis ya yi aikinsa, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi. Ya hana ƙwayoyin yis abinci, ya ga buhuna na taruwa a cikinsu, sannan a 1993 ya fitar da ƙwayoyin gado 15 da aikin ba ya yiwuwa sai da su. An ba shi kyautar ne don gano yadda otofaji ke gudana. Bai yi gwaji kan masu azumi ba, bai kuma ce yunwa na warkar da daji ba.

Gaskiya ne yunwa na tayar da otofaji. Noboru Mizushima ya nuna haka a 2004 a jikin ɓeraye da aka hana abinci kwana ɗaya zuwa biyu, an gan shi a tsoka da hanta da wasu sassa. Amma maganar daji tana da fuska biyu. Ƙwayar daji da ta riga ta kafu ita ma tana amfani da otofaji ta rayu a tsakiyar ƙari inda jini bai isa sosai ba.

Abin da ya sa nake zafi a kai: na taɓa duba wata baiwar Allah mai ƙari a nono, wadda ta jinkirta dawowa asibiti wata huɗu tana bin tsarin yunwa da ta gani a waya. Da ta dawo, zanen da ta ɗaura sai da ta ninka shi sau biyu a ƙugu saboda rama, ƙarin kuwa ya ƙaru. Har yau ina tuna yadda ta miƙo mini wayar don in karanta saƙon da kaina. Azumi ibada ce, muna yin sa don Allah ya umarce mu, ba ya buƙatar a jingina masa abin da wani bai faɗa ba.

MusaKano_88:
Na gode Likita. Wallahi da kyakkyawar niyya nake turawa, amma daga yau na daina. Allah ya ba ta lafiya.

Dr_Zainab:
Amin, Malam Musa. Na san da niyyar alheri ne.

Safiya_Aji3:
Amin. Bari in dawo da mu kan retikulum. Yanzu na gane dalilin yankan. Saura yadda ake yi. Raga ce guda ɗaya a haɗe, har da tantanin da ya kewaye cibiyar ƙwaya. Ta yaya buhun otofaji ke sanin inda zai kama, kuma wa ke gutsuro masa?

Auwal_Lab:
Nan ne daɗin labarin yake. A 2015 aka buga ayyuka biyu tare a mujallar Nature. Rukunin Ivan Dikic a Frankfurt ta Jamus suka bayyana FAM134B a ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa. Rukunin Hitoshi Nakatogawa a Japan, tare da Ohsumi, suka bayyana Atg39 da Atg40 a yis.

Ki ɗauki FAM134B. Yana zaune ne cikin tantanin retikulum, kuma aiki biyu yake yi. Wani sashensa yana cusa kansa cikin tantanin kamar weji, ya tanƙwara shi. Idan da yawa suka taru wuri ɗaya, wurin sai ya tuttuɗo kamar ƙurji har ya kusa tsinkewa. Ɗaya sashen kuma wutsiya ce da ke lilo a waje, a ƙarshenta akwai 'yar ƙugiya da ake kira LIR. Ƙugiyar ce ke kama LC3, furotin ɗin da ke liƙe jikin buhun otofaji tun yana tsiro. Buhun mai tantani biyu ne, ya zagaye gutsuren, ya rufe baki, ya tafi ya haɗe da laisosom.

Daga baya aka yi ta samun wasu furotin masu irin wannan aiki. RTN3 mai tsawo a 2017, shi bututu yake kamawa, FAM134B kuwa ya fi aiki a falle-falle. CCPG1 a 2018, wanda matsin retikulum ne da kansa ke ƙara yawansa, kuma ɓerayen da suka rasa shi ƙwayoyin fankiriyas ɗinsu masu yin ruwan narkar da abinci sun cushe da furotin. TEX264 a 2019, babba ne a lokacin yunwa. Game da zaɓe kuma, FAM134B ba shi da hannu mai tsawo a cikin ragar, don haka kalneksin, wani mai taya naɗi, shi ne ke riƙe karkataccen furokolajin daga ciki ya haɗa shi da shi.

Ranar da na fara ganin abin da idona ba zan manta ba. Mun sa wa LC3 alama mai ƙyallin kore. A ƙwayoyin da ke ƙoshe, koren a baje yake kamar hazo. Muka wanke su, muka zuba musu ruwan gishiri marar amino asid, muka jira awa biyu. Da na kashe fitilar ɗaki na leƙa, sai ga ɗige-ɗige kore ko'ina, kamar an watsa gero a baƙin faranti. Na daɗe a kan kujerar nan ban tashi ba.

Hajiya_Famasi:
Auwal, an ce da kulorokwin kuke tare aikin a ɗakin gwaji, haka ne?

Auwal_Lab:
Haka ne Hajiya, shi dai wanda muka sha muna yara, mai ɗaci da sa ƙaiƙayi. Yana taruwa a laisosom ya hana shi gama aikinsa, buhuna su yi ta taruwa ba a narkar ba. Muna buƙatar hakan, domin yawan ɗigon kore kaɗai ba ya nuna ko ƙera buhuna aka ƙara ko hanyar fita ce ta toshe. Sai an gwada da maganin da kuma babu shi. Safiya, ki riƙe wannan, malamai na son tambayarsa.

Nas_Rabi:
Ni abin da ya ja hankalina shi ne FAM134B ɗin nan. Na karanta cewa yaran da aka haifa da lalurarsa ba sa jin zafi. Yana da alaƙa da kuturta ne? Don mu a ɗakin wankin ciwo, duk wanda ya zo da gyambo a tafin ƙafa yana cewa bai ji lokacin da ƙusa ta shige shi ba, ciwon suga ko kuturta muke fara tunani.

Dr_Zainab:
Sista Rabi, kamannin a waje ne kawai, musabbabin daban. Kuturta ƙwayar bakteriya ce ke kama jijiyoyi, kuma tana warkewa da haɗin magunguna da ake bayarwa kyauta. Ta FAM134B gado ce, ba ta yaɗuwa, kuma ba kasafai ake samunta ba. Ana kiranta HSAN nau'i na biyu, kuma tun 2009 aka danganta ta da wannan ƙwayar gado, shekara shida kafin a san aikin furotin ɗin. Yaro zai ƙone ko ya yanke bai sani ba, ciwo ya ruɓe har ƙashi, wani lokaci a rasa yatsu. Da aka cire ƙwayar gadon a ɓeraye, retikulum ya kumbura a jijiyoyin ji, jijiyoyin suka riƙa mutuwa. Safiya, ga amsar rumbunki ta wata fuskar. Ƙwayar fata idan ta cushe za a maye gurbinta. Ƙwayar jijiya kuwa ita ce dai tun haihuwa har tsufa, ba ta rabuwa biyu balle ta raba dattin da 'yarta. Idan ba ta iya yankewa ba, tarin ne zai kashe ta.

Bello_Jos:
To idan yankan ya yi yawa fa? Ba za ta cinye kanta ta mutu ba?

Malam_Garba_Bayoloji:
Akwai linzami, Bello. Muddin abinci na nan, mTOR, furotin ɗin da ke lura da ƙoshin ƙwaya, yana danne otofaji, kuma amino asid ɗin da laisosom ya sako su ne ke sake tayar da shi, sai cin ya lafa. Amma idan matsin retikulum ya ƙi ƙarewa, masu gadin nan da na ambata da farko su ne ke juyawa. Ta hanyar PERK ake tayar da wani furotin mai suna CHOP, shi kuma ya tura ƙwayar ga mutuwar da aka tsara. Ana ganin muhimmancin PERK a ƙwayoyin da ke yin insulin: jariran da aka haifa ba shi da aiki a jikinsu suna kamuwa da ciwon suga tun suna 'yan watanni.

Ibro_Maradi:
Wani abu kuma da ya shafe mu, tunda dengi ta yi ɓarna sosai a Burkina Faso a 2023. Ƙwayar cutar dengi da ta Zika a jikin tantanin retikulum suke kafa sheƙarsu su hayayyafa. A 2017 aka nuna cewa suna da almakashin da ke datse FAM134B. Ke nan ƙwayar halitta na iya yanke lungun da cuta ta ɓuya ta kai wuta, cutar kuma ta koyi karya mai yankan. Lissafin Auwal ya zama huɗu.

Auwal_Lab:
Na yarda, Ibro, huɗu ne. Kuma Malam Garba, game da SEC62 da ka fara da shi, binciken da ya biyo baya ya nuna a wannan hanyar laisosom ne da kansa ke haɗiye gutsuren kai tsaye, ba a gina masa buhu mai tantani biyu. Idan Safiya za ta zana hoto, kada ta sa su duka a hanya ɗaya.

Safiya_Aji3:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Minti goma sha biyar kawai aka ba ni. Ina tunanin in buɗe da hantar ɓerayen Hajiya, in bi da masu gadi uku, sannan ƙugiyar FAM134B, in rufe da yaran da ba sa jin zafi. Baba Tanko, zan ce raga.

Malam_Garba_Bayoloji:
Ni da masu gadi zan fara, don wanda bai san mene ne matsin ba, ba zai gane dalilin kumburin ba.

Hajiya_Famasi:
A'a Malam, ta bar hantar a gaba. Kowa a ajin ya san wani mai farfaɗiya, kunnuwansu za su buɗe tun daga jimlar farko.

Auwal_Lab:
Duk wanda kika zaɓa, ki tanadi amsar bambancin ERAD da wannan, don ita za a fara jefo miki. Ina da hoton ƙwayoyin nan masu ɗigon kore, na kafin yunwa da na bayanta. Zan nemo su a kwamfuta in ɗora nan da dare, ki sa su gefe da gefe a allo ɗaya.